Iyakar Gonar Baba Sada

Ko a ƙuruciyarsa Baba Sada na Ƙarfi ba mutum ne mai daɗin zama ba. Shekara hamsin ya yi yana noman dawa da auduga, yana kuma faɗa da kowa, daga mai awo a kasuwa har jakin maƙwabta.

Da matarsa Inna ta rasu, sai 'ya'yansa suka ɗauko masa gata irin wanda ke kashe mutum. Babbansu Mannir ya ce me gari zai ce idan aka ga tsoho da fartanya, alhali ya haifi ƙarti huɗu? Aka karɓe fartanya, aka shimfiɗa masa buzu a zaure, ko masallacin Juma'a sai a bayan babur. Sada ya zauna. Ya daina zagi, tuwo sai loma biyu, yini guda yana kallon bango. Baƙin ciki na cinsa, su kuwa sakarkarun suna murna wai Baba ya yi sanyi.

A damina ta biyu labari ya zo cewa Maiwada, maƙwabcinsa na gona kuma abokin gabarsa tun suna samari, ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya shigo masa taku uku.

Sada ya ja sanda ya fita, wanda ya tare shi ma sai da ya kauce. Gonar ba nisa, amma bai isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi, yana hutawa gindin kowace ɗorawa. Ya auna iyaka da ƙafarsa, ya wanke Maiwada tas, ya dawo ya cinye tuwo har da neman ƙari. Washegari ya koma, don a cewarsa ɓarawo ba ya hutu. Haka kullum bayan kunun safe, sannu-sannu, zuwa da dawowa. Kafin dawa ta fid da kai barci ya dawo masa, murya ta buɗe, har an ji shi yana dariya ranar da awaki suka shiga waken Maiwada.

Mannir dai ido gare shi, amma ba ya gani. Ya je ya ɗauko mai unguwa da turakun siminti, wai a kafa iyaka kowa ya huta.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, daga yau ba sai ka ƙara wahalar da ƙafarka ba."

Sada ya dube shi a fusace. Ya ce, "Mai unguwa, a kwashe tarkacen nan, ban ce a sasanta ni da kowa ba. Maiwada ɓarawo ne ɗan ɓarawo, kuma ban yafe masa ba. Amma duk faɗin Ƙarfi shi kaɗai ya san ban mutu ba. Kai kuwa da na haifa, shekara biyu kana kawo wa gawa tuwo."