Gurbin Turmin Inna

Mun tashi da asuba daga Ungogo, ana idar da salla, ni da maƙwabcina mai aikin tayil. Shi yana rungume da jakar kayan aikinsa, ni kuma ina riƙe da ledar goro da sabulu na tsaraba. Ƙauyenmu muka nufa, can bayan Bagwai, inda yayata take zaune a ɗakin da mahaifiyarmu ta bari. Ɗanta da ke aiki a Kudu ya aiko da tayil tun kafin damina, an jibge a zaure, ya kuma roƙe ni in tsaya a kan aikin. Idon Yaya ya yi rauni, da sanda take tafiya. Abin da ɗan nata ya yi ta nanata mini a waya shi ne kada a yi aikin da gobe tayil zai ɗago ya harɗe ta. Ya ga yadda aka yi da wani tsoho a unguwarsu: tayil ɗaya ya ɗaga baki, tsohon ya faɗi, bai sake takawa da ƙafarsa ba.

Adaidaita ne ya ɗauke mu zuwa Dawanau. Duk inda na sani gona ce a da, yanzu bulo ne a jere da gidajen da ba a gama ba, sai ɗan wake da wani ya shuka a cikin kango don kada damina ta wuce shi. A Dawanau manyan motoci sun riga mu tashi, 'yan dako suna ta sauke buhuna, ƙamshin citta da riɗi ya cika hanya. Muka zauna wurin mai shayi muna jiran shagon kayan gini ya buɗe. Burodin da a da yake ƙosar da mutum biyu, yanzu sai ka haɗa da haƙuri kafin ya kai ka azahar.

Abin da ya tsayar da mu shi ne wani ruwa da ake fara shafa wa daɓe kafin a ɗora tayil. Masu aikin suna ce masa firaima. Ni dai na ɗauka iri ɗaya ne, a ba ka ka tafi. Da mai shago ya buɗe, sai ya dube ni ya ce, “Baba, daɓen ɗakin wane iri ne? Mai shan ruwa ne ko mai santsi?”

Ɗakin da aka haife ni a ciki ne, amma rabona da shigarsa tun zaman makokin Inna. In na je gida a zaure nake tsayawa, Yaya ta fito mu gaisa, kafin la'asar na kama hanya. Kullum ina cewa kasuwa ce ta hana ni zama. Ba kasuwa ba ce.

Maƙwabcina ya cece ni, ya ce a ba mu duka biyun, wanda ba a buɗe ba ma dawo da shi. A mota ya yi mini bayani. Na farko fari ne kamar tsinkakken nono, na daɓen da ke da ƙishirwa ne, wanda in ba a shafa masa ba zai zuƙe ruwan simintin tayil kafin ya kama. Na biyu yana da yashi a ciki, na daɓen da ya yi sumul ne, in ya bushe sai wurin ya yi kaushi, siminti ya sami abin riƙewa. Ya ce in aka musanya su, aiki zai yi kyau a ido, sai bayan an manta ka ji tayil yana ƙara kamar ganga in an taka.

Daga Dawanau zuwa Dawakin Tofa hanya ba ta da laifi, sai dai direbanmu ya cusa mu har mai jakar kaya ya koma rabin mutum. Gari ya waye sosai, aka fara ganin gonaki. An girbe gero an jingina dammuna, dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai, mata da maza suna ta cirar gyaɗa. A wannan ƙasa tamu ba ka wuce gida sai ka ga wani gidan, ba ka wuce ɗorawa sai ka ga kuka. A Dawakin Tofa wata mata ta miƙo dafaffiyar gyaɗa ta taga, na saya, sabuwa ce, har da ƙasa a jikin ɓawon. Na ɓare ɗaya na sa a baki, sai na lumshe ido. Maƙwabcina ya zaci barci nake.

A Bagwai muka hau babur. Hanyar ƙauyenmu ruwa ya ci gefenta, ɗan acaɓa yana kauce wa rami yana faɗa wa wani, ni kuma ina ta salati ina riƙe da hulata.

Yaya ta ji sallamata tun daga zaure. “Auta, kai ne? Ashe ka san hanya.” Gemuna ya yi fari fat, jikokina sun fara aure, amma a gidan nan har gobe ni ne Auta. Ta sa aka dama mana fura da nonon da aka kawo da safe, irin wanda in ka ɗaga ludayi yake bin sa. Maƙwabcina ya sha kwano guda ya ce in haka ake biyan lada a nan, shi ba ya sauri.

Sannan muka shiga aiki. Ya karɓi buta, ya fara da barandar ƙofar ɗaki, wadda aka zuba wa sabon siminti bara. Ya ɗiga ruwa, kafin ya miƙe tsaye wurin ya shanye. Ya ce wannan na farin ne. Ya shiga ɗaki, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa, har Yaya ta ce, “Shigo mana, ba a cizo.”

Na shiga. An fitar da gado da kwalla da akwatuna, ɗakin ya zama ƙarami fiye da yadda na bar shi a zuciyata. Daɓen tsohon jan siminti ne, ƙafafu da tsumma sun goge shi har yana sheƙi. Maƙwabcina ya ɗiga ruwa, ruwan ya kwanta bai shiga ba. Ya ce wannan na mai yashi ne, sai dai a wanke shi tas da garin sabulu ya bushe tukuna. Har na fara jin daɗi, tunda duka biyun da muka ɗauko sun yi amfani.

Sai ya tsaya a kan wani baƙin tabo mai faɗin tabarmar salla, tsakanin gurbin gado da ƙofa, inda haske yake faɗowa. A tsakiyarsa akwai zagayayyen sawu. Ya ɗiga ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangara kamar ƙwallo. Ya murza wurin da yatsa ya shinshina. Ya ce, “Hajiya, me ake yi a nan?”

Yaya ta ce, “Nan ne gurbin turmin Inna.”

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce. In damina ta hana ta tsakar gida, nan take shigo da turmi. Ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya, har mai ya taso ya kwanta a sama, ta kwashe da ludayi. Ni ina tsugune a gefe ina jiran ta gutsuro mini tunkuza. Da man nan aka ɗinka mini rigar makaranta, wadda ban ma daɗe a cikinta ba. Abin da ya ɗiga daga ludayinta shekara da shekaru, shi ne simintin ya sha ya riƙe.

Maƙwabcina ya ce babu firaimar da ke kama mai. Sai an fasa wurin har a kai inda man bai kai ba, a zuba sabon siminti, a jira ya bushe, sannan a shafa farin.

Na ce a shafa mai yashin sau biyu. Ya ce, “Baba, ko tulu guda ka juye, a kan mai yake zaune.” Na ce to a wanke da ruwan zafi da toka. Ya ce na sama zai fita, na ciki ya sake tasowa da zafin bazara. Na ce a bar wurin haka nan, a zagaye shi da tayil. Ya nuna mini da ƙafa: nan ne hanyar Yaya daga gado zuwa ƙofa, in an bar shi ya zama rami mai baki huɗu, daidai abin da ɗanta yake tsoro.

Duk wannan Yaya tana zaune a kan kujerarta tana jinmu. Can ta buga sandarta a ƙasa.

“Kai Auta, ka fi ni son Inna ne? Ni nake taka wurin nan safe da yamma. Kai da ko leƙowa ba ka yi, yau ka zo za ka tsare shi? So kake in karye don ka sami abin kallo? Malam, ɗauko gudumarka.”

Ya ɗauko guduma da wani ƙarfe mai kaifin baki. Na ce ya ba ni in fara. Hannuna ya kwana biyu bai yi aikin ƙarfi ba, sai a bugu na wajen uku simintin ya tsage. Da ya tsage, wani ƙauri ya taso. Ba ƙamshin sabon mai ba ne, tsoho ne mai ɗan maƙaƙi, irin wanda ke jikin zanen Inna in ta goya ka. Yaya ta ɗaga hanci. Na ga leɓenta yana motsi, na san addu'a take yi mata, ni ma na ajiye guduma na yi. Maƙwabcina mutum ne mai hankali, ya fita waje ya ce zai duba tayil.

Kwanan da ban yi niyya ba na yi shi a gida, har na ƙara. Aka wanke ɗaki ya bushe, aka shafa mai yashin, washegari ka shafa tafin hannu ka ji kamar bayan dutsen niƙa. Baranda ta sha farinta. Aka jera tayil mai kaushi wanda ba ya zame ƙafa, maƙwabcina yana bi yana ƙwanƙwasa kowanne da ƙotar guduma yana saurare. Gurbin turmin aka cike shi da sabon siminti aka sa masa shinge da benci, sai ya bushe maƙwabcina zai koma ya ƙarasa, kafin nan Yaya tana ɗakin jikarta. Da yamma ni da ita mukan zauna a ƙofar ɗaki, tana ba ni labarin waɗanda suka rasu ban zo gaisuwa ba. Suna da yawa.

Ranar dawowa Yaya ta cika mini leda da sabuwar gyaɗa da kuka. Ta ce, “Ka gaida mutan gidan. In ka ga dama ka kuma ɓata.” Muka biyo ta Bagwai da Dawakin Tofa, a Dawanau babu abin da muka mayar wa mai shago sai godiya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Kafin ka sayi abin shafawa, je ka tsuguna a kan daɓen da kanka, ka ɗiga masa ruwa, ka tambayi masu ɗakin abin da aka yi a kansa. Ni na yi shekaru ina aika saƙo daga zaure.

Da na iso gida na cire riga na rataye. Da safe mai ɗakina ta ɗauko za ta wanke, sai na ji tana faɗa: “Malam, tsire ka sa a aljihu? Dubi yadda mai ya ɓata sabuwar shadda!” Ta zura hannu ta fito da ɗan gutsuren jan siminti, baƙi ta gefe ɗaya, wanda na tsinta ranar da aka fasa.

Na ce ta ba ni abina, rigar kuma ta bar ta haka, kada ta wanke tukuna.