Sunan da Ya Fito Bayan Sunaye Sun Ƙare

Jama'a, abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wallahi ko yau aka kawo Alƙur'ani zan dafa. Shekarun baya ne, lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Garwa, ni ke kula da kwamfutocinsu. Mu jikokin fatake ne, kakanmu daga ƙasar Katsina ya zo ya zauna, duk gidanmu kasuwa suka sani, ni kaɗai na bauɗe na je Ngaundare na karanto kwamfuta, har yau in na shiga gida sai a ce ga sarkin danne-danne ya dawo. Ni ko a jikina, aikin yana mini daɗi, ga ofis mai sanyi a garin da rana ba ta san wasa ba.

Cikin ayyukana akwai rumbun sunayen masu ba da jini. Kun san yadda abin yake, in naka ya buƙaci jini sau da yawa kai za ka nemo mai bayarwa, to sai asibitin ya tara sunayen mutanen kirki da suka yarda a kira su, kowa da irin jininsa da unguwarsa da lambar wayarsa. Ni kuma na rubuta ɗan shiri a cikin rumbun, da harshen da ake ba shi umarni, irin abin da mu 'yan makarantar Faransanci muke kira bukul, wato zagaye. Kamar mai rabon goro ne a wurin suna. Ka ware masa masu irin jinin da ake nema, ka ce ɗauko mutum ɗaya, in bai daɗe da bayarwa ba ƙyale shi ya huta, in ya huta rubuta sunansa, sannan koma ka ɗauko na gaba, haka haka har su ƙare. Abin da ba a wasa da shi shi ne layin fita, wanda ke ce masa in ka miƙa hannu ba ka samu kowa ba, to tsaya. In babu wannan layi, zai yi ta juyi har sai an ɗauke wuta.

Nawa layin fitar a ƙasa yake, bayan rubutawa. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da hakan ke jawowa: in sunaye suka ƙare sai zagayen ya ƙara juyi ɗaya, ya miƙa hannu bai samu kowa ba, sai ya sake rubuta sunan da ke hannunsa kafin ya tsaya. Ka ga na ƙarshe ya fito sau biyu ke nan. Madam Rahel, matar da ke ɗakin gwajin jini, kullum sai ta tsokane ni, wai mashin ɗina in'ina gare shi kamar mai shi in ya ga 'yan mata. Ni kuma in ce gobe zan gyara, tunda ba ya cutar da kowa.

Ranar da abin ya faru, cikin bazara ne. Da asuba aka tashe ni, Adda Maryama na naƙuda. Yayata ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta riƙa wanke mini kayan makaranta, kai a wurina uwa ce. Mijinta yana Kuseri wajen sayayya, don haka ni na kawo ta asibitinmu, na zauna a baranda ban motsa ba, Madam Rahel na wucewa tana ce mini in daina karkaɗa ƙafa. Sai da rana ta ɗaga sosai aka ce ta sauka lafiya, mace. Ban gama hamdala ba sai na ga ma'aikata na gudu. Jini ya ɓalle. Ni na taimaka aka ɗaga ta zuwa ɗaya gadon, hannun rigata duk ya ɓaci, ta dube ni ta ce, "Ƙanina, ka riƙe mini yarinyar nan." Na ce Adda ki bar wannan magana.

Likita ya ce jini ake so yanzu yanzu, kuma nata O negatif ne, wanda samunsa a nan sai an sha wuya. Nawa bai yi ba, na 'yan gidanmu da suka taru bai yi ba, aka buga waya duk inda ake ajiye jini a garin, babu. Na ruga ofis, Madam Rahel na bina, na saki zagayen nan. Sunaye 'yan kaɗan suka fito. Na farko ya ce ya koma can garin Marwa, yana unguwar Dugoi. Na biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, da ƙyar ma yake magana. Na ƙarshe wayarsa a kashe, na kira, na sake kira, shiru. Na dafe kai ina ta innalillahi, sai Madam Rahel ta ɗora yatsa a kan allon ta ce, "To wannan fa? Ka kira shi?"

Na ce ai in'inar ce, Madam. Ta ce, "Non, a'a, duba dai."

Na duba. Wallahi tallahi layin da ya kamata ya maimaita sunan mai wayar nan a kashe, wani suna ne daban. Salihu Tibati. Wurin lambar waya babu komai, wurin unguwa kuma an rubuta gindin gada, bakin kogi. A lokacin ban tsaya tunanin ta ina ya fito ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na fita na tare mai mashin na ce gada, kuma kada ka tsaya ko'ina.

Kogin Binuwai ya janye, yashi ko'ina, mata na wanki can nesa, masu ɗiban yashi sun fake a inuwa. A gindin gadar sai ga wani magidanci baƙi, kakkaura, zaune a kan kifaffen kwale-kwale da 'yar jakarsa. Yana ganina ya miƙe. Na ce Baba, kai ne Salihu? Ya ce shi ne. Na fara kame-kamen bayani, ga yayata, ga jini, bai ma bari na ƙarasa ba ya rataya jaka ya haye bayan mashin, muka matsu mu uku.

Madam Rahel ta gwada jininsa, O negatif ne, ta bi duk sauran gwaje-gwajen, lafiya lau. Aka ɗiba aka ƙara wa Adda. Kafin la'asar ta buɗe ido ta ce a ba ta kunu, har tana faɗan an sa sukari da yawa. Ranar na yi kuka a gaban mutane, kuma ban ji kunya ba.

Da hankalina ya dawo jikina sai na koma ofis na sake sakin zagayen, ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Sunayen suka fito, na ƙarshe sau biyu kamar kullum. Salihu babu shi. Na bincike rumbun sama da ƙasa, har cikin tsofaffin ajiya, ba a taɓa shigar da mai wannan suna ba, kuma banda ni da Madam Rahel babu mai iya shigar da kowa. Ta tsaya a bayana tana kallo, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ce, "Ni dai na gani da idona, kar ka tambaye ni."

Na same shi a harabar asibiti gindin dogonyaro, an kawo masa shayi da burodi yana ci hankali kwance. Masunci ne daga Mbakau, can wajen Tibati. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa taka Garwa ba sai ranar, motar busasshen kifi ya biyo don ya sayi kayan injin jirginsa, kuma allura ma rabonsa da ita tun yana yaro, balle a gwada masa jini. Na ce to Baba, me ya zaunar da kai gindin gada cikin wannan rana?

Ya dube ni kamar na yi masa wasa. Ya ce, "Kai mana, ɗana. Ba kai ka tare ni ba ina saukowa daga mota, rana ta ɗan fito? Ka kira sunana, ka ce don Allah in zauna nan kada in tafi, za ka dawo. Na ga jini a hannun rigarka, ga shi nan ma har yanzu, na ce wannan yaro yana cikin damuwa, bari in jira."

Lokacin da yake faɗa ina baranda ina karkaɗa ƙafa, mutane sun gan ni, Adda ba ta ma haihu ba, rigata kuma fes take. Shi kuwa ya ci gaba da tsoma burodinsa a shayi.

Adda tana nan da ranta, yarinyar ta girma har ta fi ni baki. Baba Salihu ya zama ɗan gida, duk shekara sai ya aiko mana da kifi, kuma har gobe bai yarda ba ni ne na tare shi ba. Na tambayi malamai, na tambayi waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta, kowa ya faɗi nasa, babu wanda ya gamsar da ni, na bar wa Allah ikonsa. Sai dai duk sanda na bi ta kan gadar nan nakan leƙa ƙasa.

Shawarata gare ku, ku je a gwada jininku ku san irinsa, in an nema ku bayar, ba ku san ran wa aka rataya a jikinku ba. Kuma in wata rana kun gan ni a wurin da ba ku saba ganina ba, na kira sunanku na ce ku jira ni, don Allah kada ku tsaya tambaya. Ku jira.