Rijiyar Baba da Madubin Hamma

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Usmanu, wanda mu ƙannensa muke kira Hamma. Malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a nan Gombe. Ranar da ya rasu na ji wata mata a wurin zaman makoki tana cewa, Allah sarki, bai bar baya ba. Gaskiya ne bai taɓa haihuwa ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma yau nake son in ba ta amsa.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ma'aikata na ta sayen babur da rediyo, na koma gidanmu a unguwar Kumbiya-Kumbiya don haihuwar fari. Na haifi Asma'u. Innarmu, kamar kowace kaka a lokacin, ba ta yarda jariri ya ƙoshi da nono kaɗai ba, sai an ɗura masa ruwa. Ruwan kuwa na rijiyar tsakar gidanmu ne, wadda marigayi Baba ya haƙa, ya bar wasiyya kada a hana kowa ɗiba. Ba a yi arba'in ba yarinya ta kama gudawa. A kai ta asibiti ta warware, a dawo gida abu ya dawo. Maɗigarta ta faɗa, kukanta ma ba ya fita sosai. Na tsorata ƙwarai, don na ga ana binne irinta.

Hamma ya ce ruwan ne, rijiyar ta yi kusa da masai. Inna ta ɗauki maganar a matsayin cin mutuncin mamaci. "Rijiyar ubanka ce mai ƙazanta? Da ruwanta aka yi maka wanka har ka zama malam!"

Hamma ba mutumin gardama ba ne. Ya nemi izini a makaranta, ran Asabar da hantsi sai ga shi da akwatin katako ɗaure a bayan babur. Madubin likita ne, irin wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. Ya san halin uwarsa, saboda haka bai fara da rijiya ba. Albasa ya roƙa. Ya ɓare siririyar fatar nan ta ciki, ya shimfiɗa ta a kan ɗan gilashi, ya ɗiga mata ruwan aidin na wanke ciwo don ta fito sosai, ya ce Inna ta leƙa. Ta yi bisimilla, ta rufe ido ɗaya da hannu, ta daɗe a sunkuye.

"Ɗakuna ne a jere," in ji ta.

Ya ce su ne ƙwayoyin halitta, da su aka gina duk wani mai rai. Na tsiro kowanne da katangarsa mai ƙarfi, shi ya sa kara ke tsayawa ba ƙashi. Ɗigon da ke ciki kuma shi ne maigidan ɗakin, shi ke riƙe da umarnin komai. Sai ya kankaro cikin kumatunsa da tsinke mai tsabta ya nuna mata. Namu ba katanga, sai ɗan siririn mayafi mai tace abin da zai shiga da wanda zai fita, amma maigidan na nan. Inna ta yi dariya ta ce ashe albasa ta fi ɗanta tsari.

Daga nan aka zo kan ruwa. Ta leƙa, ta ja da baya da salati, don ta ga abubuwa na iyo. Amma Inna ba ta saurin ba da kai. Ta ce a cikin madubin suke, daga makaranta ya zo da su. Hamma ya miƙa mata guga. Ita ta ja ruwan, ita ta wanke gilashin, ita ta ɗiga. Suna nan. Ya ce waɗannan ma manya ne. Masu kawo gudawar sun fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba su da wannan maigidan a killace a tsakiya, kowace ƙwaya rabuwa take yi gida biyu, biyun su sake rabuwa, har su rinjayi cikin jariri. Aka tafasa ruwan aka sake dubawa, ba abin da ke motsi.

Inna ta zauna a bakin rijiyar. Da ta buɗe baki, ba ta ambaci Baba ba. Cewa ta yi, "Wannan muke ba 'ya'yan mutane da sunan sadaka?" Hamma ya durƙusa gabanta ya ce ladan Baba na nan, gyara kawai za a yi. Aka cike masan aka haƙa wani a can ƙarshen gida, aka yashe rijiyar, aka ɗaga bakinta aka yi mata murfi. Duk wadda ta shigo ɗiba, sai Inna ta bi ta har zaure da faɗan a tafasa. Asma'u kuwa aka bar ta da nono kaɗai, ta warke, gudawar ba ta sake dawowa ba.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Jikokina suna nuna mini hoton ƙwayar halitta a waya, mai launi, ya fi wanda muka gani kyau. Da ya yi murna, na sani. Amma da ya tambaye su ko sun taɓa ɓare albasa sun leƙa da idonsu, kuma da ransa ya ɓaci in ya ji har yanzu damina na zuwa da amai da gudawa a unguwanninmu. Ina kewar haƙurinsa, don ban gaje shi ba. Ni da faɗa nake koyarwa, kamar Inna.

Ya taɓa gaya mini cewa ƙwayar halitta ba ta faɗowa daga sama, kowace daga wata take fitowa. Asma'u yanzu tana unguwar Gabukka da 'ya'ya da jikoki, gida cike da hayaniya. Babban ɗanta Usmanu ne sunansa. Idan matar nan ta zaman makoki na raye, ina gayyatarta ta zo ran Sallah ta ga bayan da Hamma ya bari. Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi ruwan Alkausara.