Rijiyar Baba Da Tankin Gidan Mai

Rijiyar ƙofar gidanmu a Sabon Birni, babanmu ya sa anka gina ta daf da rasuwarsa. Cewa ya yi bai bar mana dukiya ba, amma wannan guzurinsa ne, duk wanda ya sha ladan zai iske shi can. Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Ko da yayana ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato saboda rashin kwanciyar hankali, ta ce ba inda za ta, wa zai dinga canza igiyar guga? Ni kuwa ina aure a Isa, hanya ta lalace da 'yan bindiga, sai in daɗe ban leƙo ta ba.

Daga baya anka gina gidan mai a bakin titi, kusa da mu. Masu babura na cika jarkoki su nufi Burkusuma da iyakar Nijar, mu dai ƙararsu kawai muka sani. Ba wanda ya taɓa tunanin abin da ke binne ƙarƙashin simintin wurin.

Zuwan da na yi wata damina, na iske Inna ta rame, tana kukan ciwon kai da tashin zuciya. Ta miƙo mini hura, ina kai ta baki na furzar. Fetur zalla! Ita ba ta ji, don tun wata muguwar mura da ta yi hancinta ya daina jin komai, har ɗanɗanon abinci ya gudu mata. Na je na ja guga da kaina, ga wani maiƙo mai launi-launi kwance bisa ruwan.

Na faɗa gidan maƙwabciyarmu, wadda muke kira Gwaggo, da faɗa a bakina. Nan ta zaunar da ni ta warware mini. Ashe unguwa duka ta sani tun bara. Shanun Fulani sunka fara ƙin sha, sannan mata sunka ji warin a tuwo. Amma wa zai iya duban Inna ya ce mata rijiyar mijinta ta ɓaci? Sai sunka yi mata kara. Kullum da safe mata su zo su ja ruwa tana kallo daga zaure tana sa musu albarka, su zagaya bayan gida su zubar, su sayi na 'yan garuwa. Gwaggo takan faki idonta ta juye randarta ta zuba mata mai kyau, amma Inna da kanta take jan na damun hura da na alwala. In ta aika musu hurar su karɓa da godiya, su zuba a kwata.

Wallahi ranar na yi maganganun da ba a yi wa manya. Na ce wannan wace irin kara ce, a bar tsohuwa tana shan guba don kar ranta ya ɓaci? Gwaggo hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi. Abin haushi, ni ma da na koma gida kasa faɗa na yi. Na ce wa Inna likita ya hana ta ruwan rijiya, ta ce likitan bai san rijiyar ba.

Makiyayan ne sunka kai ƙara, har masu binciken ƙasa da ruwa sunka zo daga Sakkwato. Sun sa safar hannu, suna murɗa wani dogon ƙarfe cikin ƙasa, rami bayan rami, daga gidan man har ƙofarmu. Ƙasar sama ja ce kamar kullum, amma in an nutsa sai ta fito baƙa, da danshi, da wari mai hawa kai. Suna zubawa a kwalabe suna rufewa. Wata mace a cikinsu ta zura kwalba mai igiya a rijiyarmu, ta ɗaga ta a rana, man ya tsaya daban bisa ruwan. Ta yi mini bayani cewa tankin da ke binne ya yi tsatsa ya huje, ya daɗe yana yoyo, kuma ruwanmu na nan ba shi da zurfi, ga ƙasa mai yashi, man ya bi ya gangaro. Na tambaye ta ko yasa rijiyar zai yi magani. Ta girgiza kai, ta ce ƙasar ce ta sha, ko an haƙe tankin za a yi shekaru. Rufewa ita ce kawai.

Inna na zaure tana kallonsu, ta ɗauka gyara sunka zo yi, har ta ce in dama musu hura. Nan dai na durƙusa na faɗa mata komai, Gwaggo na gefena. Ba ta yi musu ba, ba ta tambayi ciwon jikinta ba. Sai ta dubi Gwaggo.

"Tun yaushe ba ku sha?"

"Tun bara, Yaya."

"To wa ka sha?"

"Ke ɗai."

Sai Inna ta ce, "Ashe tun bara Malam na can ba abin da ka isa mai. Ni kau ina nan ina murna."

Na ce Allah ya san niyya, limamin unguwa ma ya zo ya faɗa mata haka. Ta ce ta ji, ta gode.

Ranar da magini ya zo zuba murfin siminti ba ta fito ba. Ina jin ana kwaɓa yashi a waje, ita tana ɗaki ta juya fuska ga bango. Da azahar ta yi, ta tashi ta ɗauki buta, ta kai tsakar gida ta tsaya. Randa ba komai, na zubar da ragowar ruwan rijiyar da ke ciki tun safe. Ta miƙo mini butar ba ta dube ni ba.

"Tahi gidan Gwaggonki. Ki yi sallama da kyau, ki ce ina roƙon ruwan alwala."