Ƙullin da Gwaggo Tsuya Ba Ta Yi Ba

Gwaggona Tsuya ta shekara talatin tana ɗinkin likkafani a unguwarmu ta birnin Sendai, kuma mace ce da ba ta yarda da komai sai abin da allurarta ta taɓa. A wurinmu ba a ƙulle zaren likkafani, don kada mamaci ya sarƙe a hanya. Ɗanta ɗaya tilo, Yasuji, ya tafi yaƙin Rasha bai dawo ba, ko gawarsa ba ta gani ba.

Wata rana wani malamin jami'a mai suna Kuwabara, sarkin rubuce-rubuce, ya aiko a kira ta. Zai gwada wata mata mai suna Ofusa, mai kiran matattu, wadda aka ce idan sun zo ƙararrawa kan kaɗa kanta. Aikin Gwaggo shi ne ta ɗinke matar cikin buhun farin yadi har wuya, yadda hannu ba zai fito ba.

Aka rufe tagogi da rana tsaka. Ƙararrawa ta kaɗa, sai wata murya ta ce, "Inna, ƙafata ta daina ciwo." Yasuji kuwa da ciwon ƙafa ya bar gida. Gwaggo ta sha kuka. Malam ya duba ɗinki da madubinsa, ya rubuta cewa lafiya lau yake.

Sai a hanyar gida Gwaggo ta tuna. Farin yadi ne, hannunta ya yi abin da ya saba, ko ƙulli ɗaya babu. Wadda ta iya sai ta sassauta zaren, ta fito da hannu, ta ja shi ya koma.

Kwana uku shinkafa ba ta wuce mata maƙogwaro ba. A na huɗu ta je ta faɗi gaskiya.

"Iya, kin kashe ni," in ji Malam. "Shafi goma sha biyu fa na rubuta."

Aka sake gwaji, ta ƙulle ko'ina tam. Awa biyu ana zaune, shiru kake ji.

"To, ƙarya ta ƙare," in ji Malam.

Ofusa ta dubi Gwaggo daga cikin buhu. "Haba Yaya, ke da kike ɗinkin likkafani? Kin taɓa jin mamacin da ya wuce ta ƙulli? Yaron nan har bakin ƙofa ya zo ya juya."

Ni dai har yau ban san wa zan gaskata ba tsakanin Malam da Ofusa, kuma haushin su biyun nake ji. Gwaggo ta ƙara shekara goma sha tara a duniya. Duk wanda ya kawo mata ɗinki sai ta tsare shi da tambaya, shin maƙaryaciya ta kama, ko kuwa ɗanta ta kora.