Na Rubuta Biyu a Takardar Ciwonta

A lokacin ni sabuwar nas ce a wani ƙaramin asibiti a gefen Tudun Wada, ga rawar kai, ga son a yabe ni. Sai wasu masu bincike suka zo daga Kano, suna nazarin yadda ake jinyar mata masu sankarar mama a karkara. Suka ba ni takardun tambayoyi, kowace maras lafiya ta auna zafin ciwonta daga ɗaya zuwa goma. Wadda ta wuce shida a tura ta birni, a ba ta magani mai ƙarfi.

Ran nan aka kawo wata dattijuwa daga Burumburum, mijin 'yarta ne ya ɗauko ta a babur. Yana tsaye a bakin ƙofa na karanta mata tambayar. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce alhamdulillahi jiki da sauƙi, in sa biyu. Ni kuwa 'yar yankin nan ce, na san babu macen da za ta yi zancen ƙirjinta a gaban surukinta, ko da wuta ce ke cin ta. Na sani sarai. Amma layi ya yi tsawo, sai na rubuta biyu, na ba ta farasitamol ta tafi. Bayan wata uku 'yarta ta zo ta shaida min ta rasu. Ta ce idan maza sun tafi gona, uwar takan cusa bakin zani a baki ta yi ta birgima a tsakar ɗaki, don kada maƙwabta su ji. Wallahi ranar na tsani kaina.

Da aka kira mu taro a Kano, shugaban binciken ya tashi yana bayani wai sakamako ya nuna matan yankinmu ba sa jin zafi sosai, don haka ba sai an ƙaro mana magani mai ƙarfi ba. Na miƙe ban jira izini ba, na ce abin da ke takarduna ƙarya ne, kuma da hannuna na rubuta shi. Na ce a sake, a tambayi matan su kaɗai lokacin wanke gyambo, ƙofa a rufe. Ya ce ba a canza tsarin bincike a tsakiyar aiki, in na dage za a cire ni daga binciken. Na ce bismillah. Suka cire ni kuwa, har yau abokan aiki na tsokanata da uwar tsiwa. Ko a jikina.

Na yi nadamar abin da na rubuta, amma ban taɓa nadamar miƙewar nan ba. 'Yan'uwana masu jinya, kafin ku cika takardar kowa, ku fara duba wanda ke cikin ɗakin. Ni dai yanzu ko limamin gari ne ya kawo maras lafiya, sai ya fita ya zauna a benci kafin in yi mata tambaya ɗaya.