Matar da ta miƙe a taron malaman Hindu

Wajen 2012 muna zaune a unguwar Misfala da ke Makka, a wani tsohon bene. Ina da shekara goma. Da an sallame magariba a Harami sai in hau saman rufi, inda kakata Hajiya Dije take hura gawayi ta ɗora shayi. Tun tana budurwa ta zo daga Sakkwato, har ta rasu Larabcinta bai miƙe ba, amma wajen ba da labari babu kamarta.

Wata rana na dawo daga makaranta ina kuka. Na tambayi malamarmu abin da ke riƙe da sama, ta ce in rufe baki, 'yan aji suka yi ta dariya. Na ce ba zan ƙara magana a aji ba.

Hajiya ta miƙo mini shayi. "Matso, Safiya. Wannan labarin ba daga Sakkwato na zo da shi ba. Wata Ba'indiya ce ta ba ni, da muka yi maƙwabtaka a unguwar Aziziyya."

Ta ce a ƙasar Hindu, tun zamanin da, wani sarki ya tara malamai su gwada ilimi. Ɗaya daga cikinsu ya ƙure kowa. Sai wata mata, ita ma malama, ta miƙe ta tambaye shi a kan me duniya take zaune. Ya ce ruwa. Ruwan fa? Ya ce iska. Iskar fa? Haka ta yi ta binsa, har ya fusata ya ce in ta ƙara, kanta zai faɗo ƙasa.

Na ce, "Sai ta ji tsoro?"

"Ta dai zauna, tana gyara tambayarta."

Can ta sake miƙewa, ta tambaye shi mene ne abin da ba ya canjawa, wanda jiya da yau da gobe duk suna cikinsa. Wannan karon ya natsu ya amsa. Ta juya ga taron ta ce mutumin nan ya faɗi gaskiya, babu mai kayar da shi.

Na turo baki. "Ashe ma kayar da ita aka yi."

Hajiya ta yi dariya. "Ke dai yarinya ce. Amsa ta je nema, kuma ta samu. Addininmu ba ɗaya ba, amma har yau matan can suna ambatonta."

Ba a yi sati ba na koma ɗaga hannu a aji, kuma na daɗe ina zaton darasin ke nan. Sai da na shiga jami'a muka yi wata guda muna musu da wata ɗaliba Bakanuwa a kan mas'alar nahawu. Da na bincika, na ga ita ce da gaskiya. Kwana uku na kasa faɗa mata. Ran na huɗu na miƙe a gaban aji na faɗa. Wallahi ya fi yin tambaya wuya.